Amsa: VM ba ta ganin katin GPU a OpenStack

Malam, ka tambayi abin da ya hana VM ɗinka (kwamfutar da aka ƙirƙira da manhaja a cikin sabar) ganin katin GPU mai sarrafa hotuna a OpenStack, manhajar da ke gudanar da VM. Fara daga BIOS, wato saitin farko na sabar: kunna VT-d in Intel ce, ko AMD-Vi, domin su ne IOMMU, fasahar da sai da ita ake miƙa wa VM kati kai tsaye. Sannan ka ɗaura katin ga vfio-pci, direban da ke miƙa na'ura ga VM, don muddin direban sabar na riƙe da shi, ba ya saki.

Ni ma na sha wuya a nan. Ashe katin yana rukunin IOMMU ɗaya (na'urorin da sai tare ake miƙa su) da ɓangaren sautinsa, sai da na ɗaura su duka biyun.

Daga nan sa lambobin katin da umarnin lspci -nn ya nuna cikin nova.conf, fayil ɗin saitin Nova mai kula da VM a OpenStack (lambar kamfanin NVIDIA 10de ce), ka ba katin laƙabi a nan, sannan ka kira laƙabin a flavor, wato tsarin da ke fayyace kayan da VM za ta samu. Amma fa VM ɗaya kaɗai za ta ci moriyar katin.