Kayan ninkaya na mata: wanne ne zai zauna miki daidai?

Tambayoyin da suka taru a wannan karon duk a kan kayan ninkaya ne, kuma kusan kowace mai tambaya ta fara da ba da haƙuri game da surar jikinta. Babu abin ba da haƙuri. Yawancin abin da mata ke ɗora wa jikinsu laifi, laifin awo ne ko na yadi. Kayan da ya yi wa mace kyau a ruwa shi ne wanda ya tsaya inda aka ajiye shi bayan ya jiƙe, har ta manta da shi ta yi iyonta.

Lambar rigata na saya, amma igiyar kafaɗa tana cin fatata, ƙasan kuma sai hawa sama yake yi. Da na ƙara lamba, sai ƙirjin ya yi mini yawa. Ina matsalar take?

'Yar'uwa, gangar jikinki ce doguwa, kuma lambar riga ba ta faɗin wannan. Kayan ninkaya na haɗe, wato wanda sama da ƙasansa guda ne, ana yanka shi ne da tsayi ɗaya daga kafaɗa zuwa tsakanin cinyoyi. Idan naki ya ɗara wannan tsayin, yadin zai nemo ragowar ta hanyar jan kafaɗa ƙasa da jan wando sama. Ƙara lamba faɗi yake ƙarawa, tsayin kaɗan ne ke ƙaruwa.

Ki samo tef ɗin tela, ki tsaya da kayan ciki kaɗai, ki auna wuri biyar. Ƙirji a inda ya fi cika. Ƙarƙashin ƙirji, daidai inda rigar mama ke zama. Ƙugu a inda ya fi tsukewa. Kwankwaso a inda mazaunai suka fi faɗi, ƙafafu a haɗe. Na biyar shi ne wanda ake mantawa: ki ɗora bakin tef a kan kafaɗa, ki sauke shi ta gaba, ya bi ta tsakanin ƙafafu, ya hau ta baya ya dawo inda ya fara. Tef ya kwanta a fata, amma kada ki ja shi har ya nutse. Waɗannan alƙaluman za ki gwada da jadawalin awon kamfanin da za ki saya, domin lamba 14 ta wannan kamfani ba lallai ta zo daidai da 14 ta wancan ba.

Idan awo na biyar ya wuce na jadawalin, ki nemi wanda aka rubuta cewa na masu doguwar gangar jiki ne, ko ki sayi mai gida biyu, riga daban, wando daban.

Wajen gwaji, kayan ya kama ki sosai tun yana bushe, saboda yadin yakan saki kaɗan a ruwa. Wanda kika ji shi sakayau a ɗakin gwaji, a ruwa zai yi jaka a mazaunai. Ki zura yatsu biyu ƙarƙashin igiyar kafaɗa: su shiga, amma na uku ya ƙi. Sannan ki ɗaga hannuwa sama, ki tsuguna, ki sunkuya kamar mai ɗaukar abu a ƙasa. Duk inda kika kai hannu don gyarawa bayan haka, nan ne zai dame ki a ruwa.

Ina da cikar ƙirji sosai. Duk wanda na sa, ko dai ya danne ni kamar an ɗaure, ko kuma in yi ta fargabar wani abu zai fito.

Hajiya, ki bar sayen masu lamba S, M, L. Waɗannan suna ɗauka cewa ƙirji da ƙugu tare suke girma, ke kuwa ba haka ba ne. Ki nemi kayan da ake sayarwa da lambar rigar mama, mai adadi da harafi, kamar 36E. Adadin daga awon ƙarƙashin ƙirji yake fitowa, harafin kuma daga bambancin da ke tsakanin awon biyu; a irin wannan tsarin lamba, kowane inci guda na bambanci, wato kusan santimita biyu da rabi, harafi ɗaya ne.

Abin da ke ɗaukar nauyin ƙirji shi ne ɗamarar da ta zagaye ƙarƙashinsa, igiyar kafaɗa taimako kawai take yi. Ki juya kayan ki duba cikinsa. Idan babu roba mai faɗi da ta zagayo har baya, ki ajiye shi, komai kyawunsa. Idan akwai, ki duba madubi ta baya bayan kin sa: ɗamarar ta tsaya a miƙe. In ta yi sama kamar baka, ta yi miki yawa, kuma kafaɗunki ne za su biya.

Igiya ta zama mai faɗi, aƙalla faɗin yatsa biyu, wadda ake iya ragewa da ƙarawa. Mai gicciyewa a baya ta fi kowace riƙo ga mai iyo da gaske, don ba ta zamewa idan hannu na juyawa. Wadda ake ɗaurewa a bayan wuya tana fito da kafaɗa da kyau, amma duk nauyin a wuya take tara shi, kuma mai cikar ƙirji za ta ji a jikinta kafin awa guda. Idan da ƙarfe a ƙarƙashi, ya kwanta a kan haƙarƙari, ya zagaye maman gaba ɗaya. In bakinsa yana sukar tsokar ta gefen hammata, kofin, wato wurin da maman ke shiga, ya yi kaɗan. Soso mai kauri ba ki bukatarsa. Ruwa yake sha, ya yi nauyi, ya daɗe bai bushe ba. Abin dubawa na ƙarshe shi ne gefen hammata, domin ta nan ake yawan tsiyayewa: yadin ya hau sosai a wurin. Ki yi tsalle sau uku a ɗakin gwaji, za ki san gaskiyar kayan.

Samana ƙarami ne, ƙasana kuma da faɗi. Me zan sa ya daidaita ni?

Ki sayi riga da wando daban-daban, kowanne da lambarsa. Wannan kaɗai ya warware rabin matsalar. Ragowar aikin ido ne: ido yana zuwa inda haske da zane suke. Riga mai launi mai haske, ko zane, ko tattara a ƙirji, da wuya mai faɗi da ke buɗe kafaɗa, sai wando mai duhu marar zane.

Bakin wandon ya fi launinsa muhimmanci. Gajeren wando da ya ƙare daidai inda cinya ta fi kauri yana ja layi a wurin, kuma yakan nannaɗe sama da kin fara tafiya. Ko dai ya tsaya sama da wurin, ko ya sauka ƙasa da shi zuwa kusa da gwiwa. Robar bakin ƙafa kada ta nutse a tsoka. In ta raba mazaunai gida biyu, lamba ta yi kaɗan. Siket ɗin ninkaya yana da kyau a tsaye, amma mai yawan tattara yakan taso a ruwa, in an fito kuma ya manne yana ɗiga. Gajere marar nauyi, wanda aka ɗinke da wando a ciki, shi ya fi.

Tun da na haihu cikina bai koma ba. An ce in sayi ƙaramar lamba ta matse shi.

Kada ki yi haka, ƙanwata. Ƙaramar lamba ba ta ɓatar da tsoka, tura ta take yi zuwa bakin roba, ta fito a baya da cinya. Iyo kuma yana son numfashi mai zurfi, kayan da ya hana haƙarƙari buɗewa zai gajiyar da ke da wuri. Ki sayi lambarki, amma mai shafi na raga mai ƙarfi a gaba. Ki ja shafin da hannu: ya fi yadin waje tauri wajen miƙewa. Shi ke riƙe ciki a hankali. A waje kuma ki nemi tattara a gefe ko yadin da ya gicciya ciki a karkace kamar an yafa, domin ido ba ya bambanta ninkin yadi da na jiki. Yadi mai sheƙi yana nuna kowane tudu, marar sheƙi yana rufawa.

In mai gida biyu kike so, wandon ya hau har saman cibiya. Wanda ya tsaya a tsakiyar tumbi nannaɗewa zai yi da kin zauna. Idan da tiyata kika haihu, ki duba kada ɗinki ko roba su faɗo a kan tabon, kuma kada ki shiga ruwa sai likitarki ta tabbatar ciwon ya warke.

Ina son wanda zai rufe ni ruf, daga kai har idon sawu. Zan iya sa doguwar riga da wandon auduga kawai?

A'a, kuma dalilin ya wuce kwalliya. Auduga tana shan ruwa ta riƙe shi. Ta yi nauyi, ta ja ki, ta naɗe ƙafa, ga mai koyon iyo kuwa wannan haɗari ne na gaske. In kin fito kuma ta manne a jiki ta nuna abin da kike son rufewa. Wuraren ninkaya da yawa ma ba sa barin a shiga da ita.

Akwai kayan da aka yi musamman don wannan bukata. Wanda aka fi sani shi ne burkini, wanda Aheda Zanetti, 'yar Ostareliya haifaffiyar Lebanon, ta ƙirƙiro a 2004: doguwar riga, wando, da abin rufe kai, duk da yadin ninkaya. Yanzu kamfanoni da dama na yin irinsa, kuma ba duka ne masu kyau ba. Abu na farko da za ki nema shi ne maɗauri ko maɓalli da ke haɗa rigar da wandon ta ciki. In babu shi, da kin shiga ruwa iska za ta cika rigar ta taso har ƙirji. Rigar ta tsaya tsakanin tsakiyar cinya da gwiwa. Wadda ta wuce nan tana hana ƙafa bugun ruwa. Ta ɗan saki a jiki, amma kada ta yi burum-burum. Bakin hannu da na ƙafa su kama, wasu ma suna da 'yar madauki da ake zura babban yatsa don kada hannun ya zame. Wandon ya kasance da igiyar ɗaurewa bayan roba, saboda jiƙaƙƙen dogon wando nauyi gare shi. Abin rufe kai ya kama fuska ba tare da fil ko allura ba, kuma ya bar wuya ya juya don numfashi.

Don rage mannewa, ki zaɓi foliyesta marar sheƙi, mai zane, mai shafi a ƙirji. Da kin fito, ki kama yadin ki ɗan ja shi daga jiki sau ɗaya, iska ta shiga, zai saki. Idan a fili za ki yi iyo, ki duba alamar UPF 50, ma'anarta kashi ɗaya cikin hamsin na hasken rana mai ƙona fata ne kawai ke ratsa yadin. Ga wadda ba ta ƙware ba, muna ba da shawarar launi mai ɗaukar ido a sama, kamar ruwan lemo ko ruwan ɗorawa. Shuɗi da toka-toka ɓacewa suke yi a ruwa, mai tsaron wurin ba zai gan ki da wuri ba.

Jikina a miƙe yake, ba ƙugu ba ƙirji.

Ke ce kika fi kowa zaɓi. Mai launi mai duhu a gefe biyu da haske a tsakiya yana zana ƙugu, haka ma ɗamara a tsakiya ko tattara a ƙirji da kwankwaso. Soson ƙirji da ake cirewa yakan naɗe a cikin aljihunsa. Wanda aka ɗinke ya fi zama lafiya.

Wata biyu kacal na yi ina zuwa iyo, kayan ya saki, bayan ya zama shara-shara. An cuce ni ne?

Mai yiwuwa ba a cuce ki ba, yadin ne bai dace da aikin ba. Ki duba takardar da ke ɗinke a ciki. Yawancin kayan kwalliya nailan ne kusan kashi 80 da zaren roba kusan kashi 20, wanda ake rubutawa elastane, spandex ko Lycra. Yana da laushi, yana bin jiki, amma sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwan wuraren ninkaya yana cin zaren robar. Da ya tsinke sai yadin ya yi sirara, ki ga wasu 'yan fararen zarurruka suna leƙowa. Mai shiga ruwa sau biyu ko uku a mako ta nemi foliyesta zalla ko wanda aka haɗa da PBT, wani nau'in foliyesta. Bai kai nailan laushi ba, kuma ba ya miƙewa sosai, don haka awonki ya zama daidai, amma yana daɗewa nesa ba kusa ba.

Kulawa ma tana da nata. Ki ɗauraye shi da ruwan sanyi da zarar kin cire, kada ya kwana a jiƙe cikin leda. Ki wanke da hannu da sabulu marar ƙarfi, ban da bilic. Kada ki murɗe shi. Ki shimfiɗa shi a tawul, ki naɗe, ki danna. Ki shanya shi a kwance a inuwa, domin rana tana kodar da launi, rataya ta igiya kuma tana miƙar da ita. Ba guga, ba injin busarwa. Man kare fata daga rana yana ɓata zaren roba, ki bari ya shige fata kafin ki sa kayan. Zama a kan bakin kwami mai kaushi shi ke sa mazaunai su yi ƙuraje-ƙurajen zare, sai ki shimfiɗa tawul.

A saye na gaba, ki zura hannu cikin yadin ki miƙe shi a gaban haske. Idan kin ga launin fatarki tun yana bushe, a jiƙe abin zai fi haka, musamman fari da sauran masu haske, waɗanda ba a sayensu sai da shafi gaba da baya. Ki ja robar bakin ƙafa kusa da kunnenki: in kin ji tana ƙas-ƙas, ta bushe tun a kanti. Ki gwada a kan kayan cikinki, kuma kada ki ɓare 'yar ledar da ke manne a cikin wandon sai kin tabbatar za ki riƙe shi, domin yawancin masu sayarwa ba sa karɓar wanda aka ɓare.