Ku Tambaya, Mu Amsa: Tsofaffin kalmomin Ingilishi

Tambaya daga wani ɗalibi a Yamai: Malamai, barkanku da aiki. A wata tsohuwar fassarar Alƙur'ani ta Ingilishi ina ta cin karo da thou, thee, thy da ye. Abokina ya ce kalmomin girmamawa ne da aka keɓe wa Allah. Haka ne?

Amsa: Ɗana, abokin naka ya juya zancen. Thou ita ce "kai" ko "ke", daidai da tu ta Faransanci, kuma a da yaro ake faɗa wa ita, ko aboki, ko bara. Babba kuwa you ake ce masa, kamar vous, yadda mu ma muke ce wa dattijo "ku". Da tafiya ta yi nisa sai you ta haɗiye sauran. A ƙarni na 17 thou ta yi ta ɓacewa daga bakin mutanen Landan, ta saura a addu'a da waƙa, shi ya sa yau ake jin ta da ƙamshin ibada. Masu fassarar Baibul ta Sarki James a 1611 sun riƙe ta don raba mutum ɗaya da jama'a, kuma ta yi wa masu fassarar Alƙur'ani amfani, tunda Larabci ma ya raba anta da antum.

Ga yadda za ka riƙe su. Thou mai aikatawa ne, thee wanda aka yi wa aikin. Thy tana nufin "naka" in baƙi ya biyo baya, thine in wasali ne ko in ta tsaya ita kaɗai. Ye ita ce "ku". Aikatau bayan thou yana ƙarewa da -est ko -st: thou knowest, thou hast. Ƙarshen -eth na "shi" ko "ita" ne: he knoweth. Nan ɗalibai ke tuntuɓe, su rubuta thou knoweth don sun ji ya yi daɗin faɗi. Sai wata ye ta daban, ta allunan kantuna masu cewa Ye Olde. Wannan the ce zalla. Akwai tsohon harafi mai sautin th wanda masu ɗab'i suka rasa a akwatinsu, suka sa y a gurbinsa.

Tambaya daga wata malama a Tawa: Ina koyar da Ingilishi a lise. In fassara wa yara tithe da "zakka"?

Amsa: Malama, mu dai ba za mu yi haka ba. Asalin kalmar "na goma" ne: manomi ya ɗaure dami goma, ɗaya na coci. Ita ce dîme da yaran suka karanta a tarihin juyin juya halin Faransa na 1789. Ta fi kusa da ushirin hatsin damina, amma daga nan suka rabu. Zakka tana da nisabi, tana sauka zuwa ɗaya bisa ashirin in noman ban-ruwa ne mai wahala, kuma kashi takwas na mutane ake ba. Tithe kuwa akasari limamin cocin yankin ke karɓa, har da ulu da ƴan raguna, ana tarawa a wani makeken rumbu. A Ingila dokar 1836 ce ta mayar da biyan da kuɗi. Ki ce masu "ushirin coci", ki ƙara bayani.

Tambaya daga wani Alhaji ɗan kasuwa, Tawa: Mahaifina ya yi fatauci ta Ƙonni zuwa Sakkwato, yana yawan ambaton sule da fam. A takardunsa na ga an rubuta 2/6. Nawa ke nan?

Amsa: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Sule biyu da sisi ne. Sule ita ce shilling, kwabo 12. Sule 20 fam ɗaya, wato kwabo 240. Sisi kwabo 6, taro kwabo 3. Wanda ya saba da lissafin goma-goma sai ya karanta ta a matsayin 2,6 ko biyu bisa shida, duka kuskure. In ka ga £2 7s 6d, ka yi 480 da 84 da 6, kwabo 570. Harafin d na kwabo daga denarius ta Romawa ya fito. Akwai kuma guinea, sule 21, tsabar da aka fara bugawa a 1663 da zinariyar gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Ingila ta bar wannan lissafi a 1971, Najeriya a 1973 da zuwan naira.

Tambaya daga wata ɗaliba mai shirin Bak, Yamai: Mene ne tantalize da Pandora's box?

Amsa: Ƴata, duka daga tatsuniyoyin Girkawa suke. Tantalus sarki ne da aka hukunta da tsayuwa cikin ruwa, ƴaƴan itace na reto bisa kansa. Ya sunkuya ruwan ya janye, ya miƙa hannu reshen ya yi sama. Tantalize ke nan, a kwaɗaita maka abu a hana ka. Kada ki yi amfani da ita don azabar duka ko zagi.

Pandora kuwa mace ce da ta buɗe murfin wani akwati, cututtuka da masifu suka bazu a duniya, kyakkyawan fata kaɗai ya rage a ciki. Ana faɗin kalmar ga matakin da ke tono fitinar da ba ta komawa. A Girkancin ma randa ce babba ta ajiyar hatsi ko mai, wani malamin Turai, Erasmus, ne a ƙarni na 16 ya mayar da ita akwati. A jarrabawa dai box za ki rubuta.