Tambayi Hajiya: Mata na so in fito takarar kansila, Yaya ya ce bai yarda ba

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar firamare ce, shekaruna 39, 'ya'yana biyar. Matan unguwarmu da nake riƙe wa adashi sun matsa sai na fito takarar kansila, don ni na yi ta safa da marwa zuwa sakatariya har aka gyara mana rijiyar burtsatse bara. Maigidana ya amince, amma yayansa ya rantse in na fito babu shi babu mu, wai matar aure ba ta siyasa. Ga shi ba ni da ƙarfi. Ina mafita?
Maman 'Yan Biyu, daga Funtuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wasiƙarki ta tuna min da kaina, don ni ma na taɓa fitowa takarar kansila, shi ya sa na ɗauke ta a kan sauran.

Mu fara da Yaya. Kada ki aika masa saƙo, kada kuma ki bari maigidanki ya je shi kaɗai su yi ta ja-in-ja. Ki nemi gwaggo ko innar da yake jin nauyinta, ku je tare, ki durƙusa ki gaishe shi, ki bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa. Tsoronsa zagi ne, kuma ba ƙarya ya yi ba. Za a zage ki. Ni da idona na ga hotona a jikin katangar makaranta an shafe fuskar da gawayi, an rubuta kalmar da ba zan maimaita ba, 'yata kuma ta nan take bi kullum. Sai ki gaya masa wanda zai riƙa raka ki taro, da lokacin da za ki riƙa dawowa gida. In ya ce ba a san mu da wannan ba, ki tuna masa cikin ladabi cewa Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri a zamanin jam'iyyar NEPU a kan haƙƙin mata, ga shi kuma tun 1976 matan Arewa ke jefa ƙuri'a. Wadda aka yarda ta tsaya layi cikin rana ta zaɓi wani, me ya hana a zaɓe ta?

Amma abin da ya fi damuna ba Yaya ba ne. Ranar zaɓe ba ita ke kayar da mace ba. Tun a zaman maslaha ake gamawa da ita. Fitowata ta farko, mata sun cika min ƙofar gida har ana guɗa. Ashe dattawan jam'iyya sun zauna ƙarfe goma sha ɗaya na dare a zauren wani jigo, ba wanda ya kira ni, suka tsayar da ɗan takara. Da safe aka aiko min turmin atamfa biyu da albishir wai an ba ni shugabar mata. Na karɓa, don ina jin kunyar manya. Shekaru na yi ina raba anko, ina loda mata a bas zuwa gangami, in an tashi a sallame su da ɗan kuɗin mota da sabulu. Ko sau ɗaya ba a tambaye ni ina za a haƙa rijiya ba. Har yau in na tuna atamfar nan raina na ɓaci.

Karo na biyu na san hanya. Na mallaki katin jam'iyya, na bi shugabannin mazaɓa gida-gida tun kafin a buga gangar siyasa, duk zaman da za a yi kuwa ƙanena na ɗauke ni a babur, mu zauna har a tashi, ko da ƙarfe biyun dare ne. Da wuya a yanka ki kina zaune a wurin. Ranar da aka sake kawo zancen shugabar mata na ce na gode, kujerar kansila nake nema.

Batun kuɗi: manyan jam'iyyu kan yafe wa mata kuɗin fom ko su rage, amma akwai na hukumar zaɓe ta jiha, ga fosta, ga mai, ga abincin wakilanki a rumfunan zaɓe. Ki rubuta lissafin tun yanzu. Kuɗin adashin mutane kuwa amana ne, ko kwabo kada ki taɓa, ko da su suka ce ki ranta. Sannan in makarantar gwamnati kike koyarwa, doka za ta nemi ki ajiye aiki kafin zaɓe, don haka ku zauna da maigidanki ku duba yadda tukunya za ta ɗoru in albashi ya tsaya.

Wannan makon, kafin ki je gidan Yaya, ki samo sunayen shugabannin jam'iyya na mazaɓarku, ki gano matar wa ce ko uwar wa ce ke cikin adashinki. Ki sake rubuto min in ji mutum nawa kika samu.