Amsar tambayar Hajiya: wanda gwaji bai ga ƙwayar Sida a jininsa ba, ya warke ne?

Assalamu alaikum jama'ar zauren nan. Hajiya, na saurari muryarki, yanzu na taso daga aiki nan Garoua, shi ya sa na jinkirta. Kin ce ƙaninki an same shi da Sida shekaru masu yawa, bai taɓa shan magani ba, duk gwajin da aka yi ba a ganin ƙwayar, har mutanen gida sun fara cewa ya warke, ya daina zuwa asibiti. To don Allah ki saurare ni da kyau, wannan maganar ta dame ni.

Irin ƙaninki akwai su, amma ba su da yawa, ba su kai mutum 1 cikin 100 na masu cutar ba. Jikinsu ne da kansa yake danne ƙwayar, har abin da muke kira sharj biral, wato yawan ƙwayar a jini, ya sauka ƙasa da 50 a kowane mililita, na'ura ta kasa ƙirgawa. Sojojin jini da ake kira CD8 su ke wannan aikin, suna bin duk ƙwayar jikin da cutar ta shiga suna kashewa. Wasu ma gadonsa suka yi, akwai wani gado da ake kira HLA-B57 da aka fi samu a jikinsu. Baiwa ce daga Allah, ban musa ba. Amma cutar tana nan a ɓoye, riƙe ta aka yi kamar mai riƙe da bijimi da igiya, kuma igiya kan fara tsinkewa zare-zare tun mai riƙon bai lura ba.

Kafin ma a kai can, a nan Kamaru akwai abin da ya kamata likita ya fara tantancewa. Ƙasarmu tana da jinsunan ƙwayar da ba kasafai ake samu a wasu wurare ba, kamar wanda ake kira rukunin O, ga kuma HIV-2 da ta fi yawa a yammacin Afirka. Wasu na'urorin ba sa ƙirga su daidai, sai takarda ta fito da "ba a gani ba" alhali ƙwayar tana nan tana aikinta. A tambayi likita ko an tabbatar da jinsin da yake ɗauke da shi.

To idan an tabbatar jikinsa ne ke riƙe da ita, ya ake gane riƙon ya fara sakewa? Mutum ba ya ji a jikinsa, Hajiya. Yana cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa, garau. Jini ne ke fara faɗa. Za ki ga takardar da kullum ba a ganin komai, wata rana ta nuna 80, ta koma, bayan watanni ta nuna 200. Wannan ɗan leƙe da ƙwayar ke yi, idan ya fara maimaituwa, ba abin rainawa ba ne. Sai CD4, wasu sojojin jinin waɗanda cutar ke ci: lafiyayyen mutum yakan sami 500 zuwa 1500, to idan aka jera takardun shekara da shekara aka ga suna ta raguwa a hankali, ko da sharj ɗin na ɓoye, akwai magana. Haka idan CD8 suka rinjayi CD4 sosai, alama ce garkuwar jiki tana cikin yaƙi ba hutu. Shi ya sa nake cewa kada a jefar da tsohuwar takarda. Takarda ɗaya ba ta faɗin komai, sai an ɗora ta kusa da 'yar uwarta.

Masu bincike sun zurfafa fiye da haka. A Faransa sun bi irin waɗannan mutane shekaru, suka ga wani sinadarin kumburi a jini, IP-10, yana hawa a jikin waɗanda CD4 ɗinsu ke sauka. A Amurka kuma, a cibiyar Ragon, wani bincike na 2021 ya nuna sojojin CD8 ɗin nan suna fara rasa ƙarfin hayayyafa da kisa tun kafin ƙwayar ta bayyana a gwaji. Waɗannan gwaje-gwajen na ɗakin bincike ne, ba za ki same su a asibitin unguwa ba. Na kawo su ne ki gane cewa lalacewar tana farawa tun kafin ta bayyana a takarda. Mu abin da ke hannunmu sharj biral ne da CD4, kuma sun isa su yi mana gargaɗi idan ana zuwa a kan kari.

Wani abin da ke karya riƙon shi ne mutum ya sake ɗaukar wani jinsin ƙwayar daga wani, wanda sojojinsa ba su san shi ba. Don haka kada ya ce ai ya riga ya kamu, babu sauran kiyayewa. Matarsa ma ta je a gwada ta, kuma idan ta sami ciki a fara awo da wuri.

Ni dai a ganina, ya zauna da likita su yi maganar fara magani. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da cutar a ba shi magani ba tare da jiran CD4 ya faɗi ba. Ko mai riƙe da ita da kansa, wannan yaƙin da jikinsa ke yi dare da rana yana barin kumburi da kan taɓa jijiyoyin jini da zuciya. Maganin yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma kyauta ne a ƙasar nan tun 2007. Idan ya ce shi bai shirya ba, to kada a yi masa faɗa, amma gwajin jini kam kada ya yanke shi.

Hajiya, ki tattara duk takardunsa, tsofaffi da sababbi, ki ɗauki hotonsu ki turo mini ni kaɗai, kada ki saka a zauren nan, sirrinsa ne. Kuma ki fara neman izininsa tukuna. In na duba zan kira ki da yardar Allah.