Yadda Hausawan Hijaz ke kai wa aboki ziyara a cikin rairayin Nafud

Malam, ka ce kana mamakin jin cewa mutum zai tashi daga Makka ko Jidda a mota, ya kwana a hanya, don kawai ya gaida abokinsa a hamada, kuma kana son sanin yadda ake yi. Zumunta dai a ƙafa take, ko ina Bahaushe ya zauna. Mu da kakanninmu suka zo aikin Hajji suka yada zango a Hijaz yawancinmu 'yan birni ne, ba mu gaji hamada ba. Amma aiki yakan jefa wani can arewa: malamin makaranta da aka tura ƙauye, ma'aikacin asibiti, direban tankar ruwa, ko mai kula da raƙuman wani attajiri. To, dole a je masa.

Bari mu ɗauki wanda yake zaune a wajen garin Jubba, cikin rairayin Nafud, babbar hamadar arewacin Saudiyya. Daga Jidda zuwa Madina kilomita 400 ne da ɗoriya, daga Madina zuwa Ha'il ma haka, sannan kusan kilomita 90 daga Ha'il zuwa Jubba. Ba ma yin wannan tafiya a rana ɗaya. Ana kwana a Madina, a yi salla a Masallacin Annabi (SAW), a tashi bayan Asuba domin a isa bakin rairayi da sauran rana. Lokacinta kuma daga Nuwamba zuwa Maris ne. Da zafi, lokacin da rana ke wuce digiri 40, sai larura. Hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne, don haka mai aiki yakan nemi Alhamis ya haɗa. A hanya ana yin ƙasaru, ana kuma haɗa Azahar da La'asar a tsayawa ɗaya, kusan kowane gidan mai yana da masallaci.

Takardu ba su da yawa amma ba a wasa da su, saboda akwai shingayen bincike: katin ɗan ƙasa ko iƙama (katin izinin zama na baƙi), lasin, istimara (takardar rajista) ta motar, da inshora. Idan motar ta aro ce, mai ita sai ya ba ka izinin tuƙi ta manhajar gwamnati ta Absher tun kafin ku tashi.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, haɗarin tafiyar nan daga kyawun hanya yake fitowa. Kwalta ce lafiyayye, miƙaƙƙiya, ba rami ba kwana, ana gudun 120, wasu wuraren har 140, kyamarorin Sahir na jiran wanda ya wuce ƙa'ida, tarar kuma ta same ka a waya. A irin wannan gudu na awanni, taya ce ke fara ba da kai. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: idan ka ga 2322, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2022. Wadda ta kai shekara biyar, ko zanenta bai cinye ba, ranar ƙasar nan ta riga ta busar da robarta, mu canzawa muke yi. Ana auna iska da safe taya na sanyi, a sa adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Wasu sukan rage iska wai don kada zafi ya fasa tayar. Wannan kuskure ne babba, domin taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwasawa a kowane juyi, ta ɗauki zafi fiye da kima, ita ce ke fashewa. Safaya ma a auna ta, ita aka fi mantawa da ita. A duba ruwan lagireto da fambel da batir. In allurar zafi ta hau, a tsaya a kashe na'urar sanyaya mota, kada a taɓa murfin lagireto sai inji ya huce.

Sai barci, wanda miƙaƙƙiyar hanya ke kawowa, shi ya sa ba a tafiya da direba ɗaya kuma ana tsayawa duk bayan awa biyu. Sai raƙumi. Manyan hanyoyi an yi musu shinge, ƙananan kuwa a buɗe suke, kuma raƙumi baƙi ko ja ba ya ganuwa da dare sai ka zo kansa. Ƙafafunsa motar ke duka, gangar jikin ta faɗo kan gilashi da rufi, daidai inda mutane ke zaune. Saboda shi ne dattawanmu ba sa yarda a bi ƙaramar hanya bayan Magariba.

A Ha'il ake cika tanki, ko da rabinsa ne ya rage, a cika jarka ɗaya, don mota a cikin yashi tana iya shan ninkin abin da take sha a kwalta. Ruwan sha lita 5 ga kowane mutum a yini, a ƙara na kwana biyu a kai, kuma a rarraba shi cikin jarkoki da yawa don in ɗaya ta tsage kada a rasa duka.

Yanzu ga al'adar da ta fi kowace muhimmanci a wurinmu. Baƙo ba ya shiga rairayi shi kaɗai. Maigida ne ke fitowa ya tarye shi a inda kwalta ta ƙare ko a gidan mai na ƙarshe, ya wuce gaba baƙo ya bi sawunsa. Ko an turo maka wurin ta waya kada ka dogara da shi, domin taswira tana nuna maka inda mutum yake ne, ba ta san wane tudu ne ke haɗiye mota ba, ga shi sabis yana ɗaukewa da zarar ka yi nisa da hanya. Idan motarka ƙarama ce, a nan za ka ajiye ta ka shiga tasa. Idan mai jan ƙafa huɗu ce, a rage iskar taya zuwa 15 ko 18 a ma'aunin PSI domin ta baje a kan yashi, kuma lallai akwai famfon iska mai aiki da batir na mayarwa. Da wannan iskar ba a yin kwana da ƙarfi, taya tana iya zamewa daga kan wili. Yashi ya fi tauri da safe, da rana tsaka kuwa ya saki.

In mota ta kafe, ɗaga ƙafa daga totur nan take. Kowane ƙarin wuta rami yake haƙawa har cikin motar ya zauna a ƙasa. A sauka, a kwashe yashin gaban tayoyi da na ƙarƙashi da shebur, a ƙara rage iska kaɗan, a gwada komawa da baya a kan sawun da aka zo. In za a ja ta, igiya a maƙala a ƙugiyar da aka yi don haka, ban da ƙwallon jan tirela, wanda yake karyewa ya tashi kamar harsashi. In kuma ta mutu gaba ɗaya, a zauna a inuwarta. Masu nema suna hango mota daga nesa, mutum a ƙafa kuwa ba sa ganinsa, ƙishirwa kuma ta fi saurin kama mai tafiya. Shi ya sa kafin sabis ya ɗauke ake sanar da wani a gida wurin da aka nufa da lokacin da za a sake kira.

Tsaraba ba ta wuce ruwan Zamzam, dabinon ajwa na Madina, da yajin tsire daga Makka, wanda mutumin da ya daɗe a ƙauye yake kewa. Ka faɗa wa maigida yawanku tun da wuri, saboda mutanen Ha'il suna alfahari da cewa ƙasarsu ce ta Hatimuɗ Ɗa'i, Balaraben da ya shahara da kyauta da karrama baƙi, kuma maƙwabtan maigidan ba za su ji ya yi baƙi su bar shi ba, sai an yi yanka. Gahawa kaɗan ake zubawa a finjali, ka karɓa da dama, in ta ishe ka ka girgiza finjalin kafin ka miƙa, in ba haka ba za a yi ta ƙara maka. Ana ajiye mota nesa kaɗan da tanti, a nufi ɓangaren maza da sallama, mata su wuce nasu. Ba a ɗaukar hoton iyalin mutane.

Wajen kwana, kada a kafa tanti a cikin kwari ko da ya fi laushi, domin ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa yana iya zuwa da dare ya share komai. Sanyin Nafud a Disamba da Janairu yana kusan kaiwa sifili, a zo da barguna masu kauri, a kuma fitar da garwashi waje kafin a rufe tanti, hayaƙinsa marar wari yana kashe mai barci. Gawayin ma daga gari ake sayo shi, don an hana saran itatuwan hamada kuma tarar tana da nauyi. Ranar komawa maigida zai sake rako ku har bakin kwalta, a can za a mayar wa tayoyi huɗun iskarsu cif kafin a taka totur.