Me ya sa rubutu ke fitowa dishi-dishi a majigi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Idan na shirya darasi a kwamfutata rubutu yakan fito tangaran, amma da zarar na haɗa ta da majigi sai ƙananan haruffa su dagule, ɗaliban da ke baya su kasa karantawa. Na murɗa gilashin gaba har na gaji. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Murɗa gilashi ba zai yi magani ba, domin matsalar ta yawan ɗigogi ce. Duk hoton da ke kan allo ɗigogi ne ƙanana da ake kira fiksel, kuma kowace na'ura tana da adadin da aka ƙera ta da shi. Kwamfutoci da yawa suna da 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato sama da miliyan biyu, alhali tsofaffin majigi da dama 1024 da 768 gare su, jimilla 786,432, abin da bai kai ko rabi ba. Dole majigin ya matse abin da aka aiko masa, sai sandar harafi mai kaurin ɗigo ɗaya ta narke cikin farin da ke kewaye da ita. Hoton mutum yakan jure wannan matsi, rubutu ne ke tona asiri.

Ka duba littafin majigin ka gano ainihin adadinsa, amma kada ka ruɗu da 1080p (wato 1920 da 1080) da ake rubutawa a kwali, domin sau da yawa ma'anarsa majigin yana karɓar irin wannan hoto ne kawai. Wasu ƙanana masu araha 800 da 480 ne a ciki. Sannan ka danna maɓallin Windows tare da harafin P, ka zaɓi Extend, wato majigin ya zama allo na biyu mai zaman kansa, ka sa wa majigin adadinsa a saitin allo, kwamfutar ta zauna a nata.

Haka kuma, idan majigin yana ƙasa yana kallon sama, maɓallin da ke miƙe gefen hoto shi ma matse ɗigogi yake yi, gara ka ɗora shi a tebur ya fuskanci bango sosai. In doguwar wayar VGA ce mai shuɗin kai, wadda kan sa haruffa su yi inuwa, ka sauya ta da HDMI idan akwai gurbinta, kuma kada girman rubutunka ya gaza 24.