Tambayoyinku: Tagogi Nawa Tabulet Za Ta Iya Ɗauka, Kuma Babba Ta Fi?

Saƙonnin wannan mako kusan duk sun karkata wuri guda: mutane na son tabulet ta yi musu aikin kwamfuta, ita kuma tana togewa. Na zaɓi huɗu da suka ƙunshi yawancin abin da sauran suka tambaya.

Tambaya ta farko, daga wata malamar sakandare a Zariya: Malam, ina da tabulet ta Android mai inci 10. Ina so in buɗe littafin darasi a gefe guda, ina rubuta tambayoyin jarrabawa a ɗaya gefen. Na duba ko'ina ban ga inda ake raba fuskar biyu ba. Mai shagon ya ce mini RAM ɗinta 8 ne. Me ya faru?

Malama, fara da gwada hanyar da aka saba. Buɗe littafin, sannan ki danna maɓallin da ke nuna manhajojin da kika buɗe kwanan nan, ko ki ja yatsa daga ƙasan fuska zuwa tsakiya ki ɗan riƙe. A saman hoton kowace manhaja akwai ƙaramin tambarinta. Taɓa shi, za ki ga "Split screen", a Samsung kuma "Open in split screen view". Da kin zaɓa, littafin zai koma gefe ɗaya, sai ki taɓa manhajar rubutun ta cike sauran. Layin da ke tsakaninsu ana jan sa hagu ko dama don ƙara wa wani fili.

Idan kin taɓa tambarin ba ki ga wannan zaɓi ba, to ina zargin tabulet ɗinki Android Go ce. Google ta saka raba fuska a Android tun sigar 7.0 a 2016, amma tsarin yana kashe shi da kansa a na'urorin da aka yi wa rajista a matsayin masu ƙaramin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da manhajoji ke aiki a cikinta, kuma Android Go don irin waɗannan aka yi ta. Babu wani saiti da za ki kunna ya dawo. Manhajojin da ke Play Store masu alƙawarin raba fuska yawancinsu ƙaramin burauza ne kawai mai shawagi a kan fuska, ga talla kamar ruwan sama.

Batun RAM 8 kuwa, shiga Settings, ki sauka zuwa About tablet, ki karanta da idonki. Yanzu an fito da wata dabara ta rubuta "4+4" ko "3+5" a jikin kwali, mai shago kuma ya haɗa lissafin ya faɗa miki jimilla. Lambar farko ce RAM na gaskiya. Ta biyun wani yanki ne da aka yanko daga ma'ajiyar hotuna da fayiloli ana kiran sa RAM, kuma saurinsa bai kama ƙafar na gaskiya ba. Yana ɗan taimakawa wajen hana manhajar da ke baya mutuwa, amma ba zai sa manhajoji biyu su yi gudu tare ba. Don irin aikinki, RAM 4 na gaskiya shi ne mafi ƙanƙanta, 6 kuma ya fi kwanciyar hankali. Ƙasa da haka, za ki ga kina komawa kan littafin ya sake lodawa daga shafin farko.

Tambaya ta biyu, daga wani ɗalibin likitanci a Maiduguri: Na sabunta iPad ɗina zuwa iPadOS 26, sai na tarar da komai ya canza. Da can ina jawo manhaja daga ƙasa in ajiye ta kusa da wata, shi ke nan. Yanzu tagogi na hawa kan juna. Zan iya komawa yadda take?

Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ba ne. Apple ta daɗe tana kai-kawo a kan wannan al'amari. Lokacin da Steve Jobs ya fito da iPad a 2010, manhaja ɗaya ce ke cike fuskar mai inci 9.7, kuma da gangan aka yi haka. A 2015 aka kawo Split View, wato manhaja biyu gefe da gefe, da Slide Over, wato siririyar taga da ake jawowa daga gefe. A 2022 aka ƙara Stage Manager mai ɗaukar manhaja huɗu a fuska, amma da farko aka ce sai iPad mai injin M1. Masu iPad Pro na 2018 da 2020 suka yi ca, sai Apple ta sassauta ta ba su, ban da damar faɗaɗa aiki zuwa wata fuskar ta waje. Stage Manager bai burge ni ba ko kaɗan a wancan lokacin. Kana jan taga tana tsalle ta tsaya inda ita ta ga dama.

A Satumbar 2025 iPadOS 26 ya fito da tagogi irin na Mac: ɗigo uku a kusurwar hagu ta sama, ja na rufewa, rawaya na saukar da taga, kore na cike fuska. A nan ne tsohon Split View da Slide Over suka ɓace. Ƙorafi ya yi yawa har aka dawo da Slide Over a 26.1, don haka abu na farko ka tabbatar kana kan sabuwar siga.

Sai ka shiga Settings, Multitasking & Gestures. Zaɓi uku ne a wurin. Full Screen Apps na mayar da kai manhaja ɗaya a lokaci guda. Windowed Apps shi ne sabon tsarin. Stage Manager na nan shi ma. Don karatu irin naka, zauna a Windowed Apps ka koyi motsi uku. A kusurwar dama ta ƙasan kowace manhaja akwai ɗan lanƙwasasshen layi, shi ake ja don rage girman taga. Idan ka kama saman taga ka wurga ta hagu ko dama, za ta cike rabin fuska. Yi wa ta biyu haka zuwa ɗaya gefen, ga Split View ɗinka ya dawo da wani suna. Na uku, danna ɗigon nan uku ka riƙe, zai nuna maka yadda za ka jera tagogin biyu, uku ko huɗu. Kwana kaɗan hannu zai saba. Abin da na yaba shi ne wannan karon ba a ware wa masu tsada kaɗai ba, har iPad mini da iPad ta talaka sun samu, duk da cewa tagogi huɗu a kan inci 8.3 wasan yara ne.

Tambaya ta uku, daga wani mai zanen gine-gine a Kano: Ranka ya daɗe, ina amfani da tabulet mai inci 11 wajen nuna wa masu gida zane da duba lissafin kayan aiki. Da na buɗe abu biyu sai wurin ya matse. Ina jiran Apple ta fito da mai inci 15 ko 16. Ko in haƙura in sayi babbar Samsung in sayar da laftof ɗina?

Yallaɓai, bari mu fara da lissafi, tunda sana'arka ce. Incin da ake faɗa awo ne daga kusurwa zuwa kusurwa, don haka ƙarin inci biyu ya fi ƙarfin yadda kunne ke jin sa. Daga inci 11 zuwa 13, filin fuska na ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin 100. Siffar fuskar ma na da tasiri. iPad mai inci 13 tana da faɗi da tsawo 4 da 3, wato kusan inci 10.4 da 7.8. Ka raba ta biyu, kowane ɓangare ya fi fuskar iPad mini girma, takarda tana zama daidai a ciki. Galaxy Tab Ultra mai inci 14.6 kuma 16 da 10 ce, kusan inci 12.4 da 7.7. Lura da kyau: tsayinsu kusan ɗaya ne idan an kwantar da su, ƙarin na Samsung duk a faɗi yake. Wannan ya dace da jera abu biyu ko uku gefe da gefe, kuma Samsung na ba da damar raba fuska uku har da ƙarin tagogi masu shawagi a kai. Amma idan ka miƙar da ita tsaye don karatu, sai ta zama doguwa siririya, ba daɗin riƙewa.

Buƙatar manyan tana nan, kamfanonin ma sun gani. Apple ta fara da iPad Pro mai inci 12.9 a 2015, sai a Mayun 2024 ta kawo inci 13 zuwa iPad Air domin wanda ke son girma ba tare da kuɗin Pro ba. Samsung ta fito da Tab S8 Ultra mai 14.6 a 2022 kuma ta ci gaba da wannan girman a waɗanda suka biyo baya. Lenovo ta yi Tab Extreme mai 14.5 a 2023. Amma akwai iyaka, kuma Samsung ta taɓa cin karo da ita. A 2015 ta yi Galaxy View mai inci 18.4, har da mariƙi a baya kamar jaka, mutane suka ɗauke ta a matsayin ƙaramar talabijin, ba ta yi kasuwa ba. Labarin cewa Apple na shirya wadda ta fi 13 kuwa an daɗe ana yaɗa shi. Kada ka tsayar da aikinka a kan jita-jita.

Abin da ke kawo iyakar shi ne hannu. iPad Pro mai inci 11 ta 2024 giram 444 ce, mai 13 kuma 579. Tab S9 Ultra ta haura 730. Ka riƙe giram 730 da hannu ɗaya a wurin gini kana nuni da ɗayan, kafin mai gida ya gama tambayar ina za a sa sito wuyan hannunka ya fara magana. Da ka ƙara mata kibod kuma, nauyin ya kai na laftof. iPad Pro 13 da Magic Keyboard ɗinta sun kai kusan nauyin MacBook Air, kuɗinsu kuma ya wuce nasa.

Babbar magana dai ita ce manhajojin. Girman fuska ba ya mayar da manhajar tabulet ta kwamfuta. AutoCAD ɗin da ke tabulet na duba zane ne da ƙananan gyare-gyare, ba cikakken na Windows ba ne. Excel na tabulet ba ya gudanar da macro, wato jerin umarnin da ke maimaita aiki da kansa, kuma na san da yawa daga cikin masu lissafin kayan gini da shi suke aiki. Ga wani abin da mai shago ba zai gaya maka ba: Microsoft na barin gyara takardun Word da Excel kyauta ne a fuskar da ba ta wuce inci 10.1 ba. Da ta wuce, sai da biyan Microsoft 365, in ba haka ba kallo kawai za ka yi. Tabbas ka riga ka gamu da wannan a mai inci 11 ɗinka.

Don haka kada ka sayar da laftof. Babbar tabulet na amfanar wanda alƙalami ne rabin aikinsa: mai zane, mai yi wa taswirar gini alama a gaban abokin ciniki, malamin da ke rubutu a fuska yana koyarwa, ko dattijon da ke son haruffan Alƙur'ani manya ba tare da jan shafi ba. Kai kana cikin waɗannan da ƙafa ɗaya. Da ni ne, zan koma inci 13 ko kusa da haka don fita wurin aiki, in bar zanen gaske ga laftof a ofis. Idan kuma Samsung ta kwanta maka, je shago ka riƙe 14.6 ɗin a tsaye na ɗan lokaci kafin ka ciro kuɗi, kuma ka kunna DeX ka gani. Wannan tsarin, da ya fara a wayar Galaxy S8 a 2017 ya kuma shigo tabulet da Tab S4 a 2018, yana ba ka tagogi da layin manhajoji a ƙasa kamar Windows, amma sai da kibod da linzami yake daɗi.

Tambaya ta huɗu, daga wani mai shagon buga takardu a Maraɗi: Ina da monita a ajiye. In na haɗa ta da tabulet, ba na sami babbar fuska a sauƙaƙe ba? Kuma me ya sa tabulet ɗin ke zafi in na buɗe tagogi da yawa?

Alhaji, dabara ce mai kyau, sai dai ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba. Da ido duk iri ɗaya suke, amma a yawancin masu araha caji da kwafar fayil kaɗai take yi, ko wace waya ka saya ba za ta nuna komai ba. Nemi takardar bayanan na'urarka ka ga ko an rubuta DisplayPort. A ɓangaren Apple, iPad masu injin M1 zuwa sama ne ke mayar da monita fuska ta biyu mai zaman kanta. Ƙananan suna kwafar abin da ke fuskarsu ne kawai, har da baƙin fili hagu da dama. Manyan Galaxy Tab S na buɗe DeX a kan monita.

Zafi kuwa, kowace taga da ke buɗe tana cin injin da batir, fitar da hoto zuwa monita yayin caji kuma na ƙara wuta a kan wuta, ga shi yawancin tabulet ba su da fanka a ciki. Apple ta ce a yi amfani da iPad tsakanin digiri 0 da 35, kai kuma ka san abin da watan Afrilu ke yi a Maraɗi. Idan ta ɗumama, da kanta take rage gudu da hasken fuska, wani lokaci ta dakatar da caji. Cire mata riga lokacin aiki, ɗaga ta a kan mazauni iska ta ratsa bayanta, ka nisantar da ita daga injin kwafi, ka rufe tagogin da ba ka aiki da su.